Manyan masu kuɗi ba su ne maganin kwantan hannun jarin ƙananan kamfanoni ba

Duk lokacin da hannun jarin ƙaramin kamfani ya yi kwantai, har a yi kwana biyu uku ba a yi cinikinsa ko sau ɗaya ba, shawarar da ake fara ba shugabanninsa ita ce su nemo manyan cibiyoyin zuba jari, irin su asusun fansho da kamfanonin inshora da masu juya kuɗin jama'a. Ana cewa da zarar waɗannan sun shigo, sauran za su biyo sahu. Ni ban yarda da wannan shawara yadda ake ba da ita ba, domin an fara ne daga inda ya kamata a ƙare. Cibiya ba ta shiga inda ba ta ga hanyar fita ba, idan kuma ta shiga ita kaɗai ta kwashi kaso mai tsoka ta zauna a kai, kasuwar ƙara bushewa take yi. Abin da ke kawo ciniki yana hannun hukumar daraktoci da masu kamfanin: mutanen waje su amince ba a ɓoye musu komai ba, sannan a saki isasshen hannun jari ya warwatsu a hannaye da yawa.

Masu kamfani da yawa ba sa ganin asarar da kwantai ke jawo musu, saboda ba ta fitowa a littafin kuɗi. A kasuwar hannun jari farashi biyu ake rubutawa, wanda mai saye ya taya da wanda mai sayarwa ya tsaya a kai. A ce an taya dala 1.94, mai sayarwa yana neman 2.06. Wanda ya saya yanzu ya kuma sayar nan take ya yi asarar senti 12 a kan kowane hannun jari, kusan kashi 6 cikin 100, alhali babu abin da ya sami kamfanin. A manyan kamfanonin duniya wannan tazara galibi ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Mai zuba jari yana yin wannan lissafi tun kafin ya shiga. Idan shekara biyu yake nufin riƙewa, kashi 3 ke nan a kowace shekara da sai an ƙara masa a kan abin da zai samu a wani wuri, kuma yadda yake karɓar ƙarin shi ne ya ƙi saye sai farashi ya sauka. Tun a 1986 Yakov Amihud da Haim Mendelson suka nuna haka da alƙaluman kasuwar Amurka. Ranar da kamfanin ya tashi fitar da sabon hannun jari don faɗaɗa aiki, ranar yake biyan kuɗin tazarar, domin sai ya ba da kaso mai yawa na kansa kafin ya tara abin da yake nema. Farashin da ke kan allo ma wataƙila na hannun jari 2,000 ne kacal. Mai son sayar da 50,000 sai ya cinye duk tayin da ke layi, yana gangarowa daga 1.94 zuwa 1.90 zuwa 1.80, da hannunsa ya karya farashin kayansa.

Me ke buɗe tazarar haka? Ƙarancin ciniki yana ciki, kasadar riƙe kaya ma tana ciki, amma a ƙananan kamfanoni babban abin shi ne tsoron wanda ya fi ka sani. Dillalin da ke tsaye kullum yana saye yana sayarwa bai san wanda ke ɗaya ɓangaren ba. A ce cikin kowane mutum goma da suka zo sayar masa, ɗaya ya riga ya ji labarin da zai karya farashi da senti 50 idan ya fito fili. Dillali zai yi asara a hannun wannan ɗayan, dole ya fanshe daga sauran taran. Don ya tashi ba riba ba asara, sai ya rage senti 5 a tayin da yake yi wa kowa, ya ƙara senti 5 a ɓangaren sayarwa, tazara ta zama senti 10. Idan masu sanin sirri suka koma ɗaya cikin hamsin, senti 1 ya ishe shi a kowane ɓangare. Idan suka kai uku cikin goma, tazara ta kai senti 30, masu ciniki tsakani da Allah su janye, a bar kasuwa ga 'yan cikin gida, tazarar ta ƙara buɗewa. Wannan shi ne gundarin abin da Lawrence Glosten da Paul Milgrom suka bayyana a 1985. Aikin kyakkyawan tsarin tafiyar da kamfani a nan shi ne ya mayar da wancan ɗaya cikin goma ya koma ɗaya cikin hamsin, kuma ba da rubuta manufofi a rahoton shekara ake yinsa ba.

Ɗauki lokacin fitar da sakamako. Tsakanin ranar da aka rufe littafin shekara da ranar da aka sanar wa jama'a, akwai akantoci da manajoji da masu binciken kuɗi da bankin kamfanin da duk sun san lambobin. Kowace rana da aka ƙara, rana ce da mutanen waje ke ciniki a makance. Kasuwar AIM ta Landan, wadda aka buɗe wa ƙananan kamfanoni a 1995, tana ba da wata shida don fitar da rahoton shekara, wata uku don na rabin shekara, wanda ya wuce wa'adi a dakatar da cinikinsa. Amma kamfanin da ya saba jira sai makon ƙarshe na wata na shida ya riga ya gaya wa kasuwa wani abu game da sashen kuɗinsa. Wanda ya sanar da ranakun tun farkon shekara, ya cika alkawari cikin wata uku, ya kuma fito ya faɗa nan take idan ya ga riba ba za ta kai yadda ake zato ba, shi ne dillali ke iya matse wa tazara.

Cinikin daraktoci kuwa, doka ta yi nisa a kansa. A Tarayyar Turai tun 2016 an hana su taɓa hannun jarin kamfaninsu cikin kwana 30 kafin fitar da sakamakon shekara ko na rabin shekara, kuma sai sun bayyana cinikin da suka yi cikin ranakun aiki uku. A Amurka ranakun aiki biyu ne tun 2002. Inda ake samun ɓaraka shi ne dokar ta fi kama darakta da iyalinsa na kusa, aboki da suruki kuma suna can waje. Shi ya sa sakataren kamfani mai aiki yake riƙe jerin duk wanda ya san wani sirri, da ranar da ya sani, kuma ba wanda ke cikin jerin da zai yi ciniki sai da izini a rubuce. Aiki ne mai gundura, amma ranar da farashi ya motsa kwana biyu kafin sanarwa, wannan jerin ne hukumar sa ido kan kasuwa za ta fara nema.

Wurin da gizo ke saƙa a ƙananan kamfanoni shi ne mu'amala da na jiki. Wanda ya kafa kamfanin shi ke ba shi hayar ginin da yake ciki. Wani kamfanin nasa na daban shi ke kawo kayan aiki. An ba ƙanin mai kamfanin bashi babu ruwa babu wa'adi. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya zama halas, amma mai hannun jari na waje ba shi da yadda zai tantance ko hayar daidai take ko an ninka ta, sai ya ɗauka an ninka, ya rage tayinsa. Dokar AIM ta ce idan irin wannan ciniki ya haura kashi 5 cikin 100 a ma'aunan girman kamfanin, sai an sanar, kuma daraktocin da ba su da hannu a ciki su tabbatar da cewa an yi adalci bayan sun tuntuɓi mashawarcin kamfanin da kasuwa ta amince da shi. Dabarar da aka saba yi ita ce a yayyanka cinikin ƙanana ƙanana don kowanne ya tsaya ƙasa da kashi 5, shi ya sa ake haɗa duk wanda aka yi da mutum ɗaya cikin wata 12 a auna shi a dunƙule. A nan ne ake gane ko daraktocin da ake kira masu zaman kansu da gaske suke. Tsohon ma'aikacin kamfanin da ya yi ritaya, ko lauyan da ofishinsa ke cin abinci daga kamfanin, ba zai ce a'a ba. Ƙa'idar tafiyar da kamfanoni ta Birtaniya ma tana ɗaukar shekara tara a kan kujera a matsayin abin da ke sa a yi shakkar 'yancin darakta. Kwamitin binciken kuɗi na gaske yana zama da mai binciken waje ba tare da shugaban kamfani ko daraktan kuɗi a ɗakin ba, kuma idan an sauya mai bincike ana faɗin dalili. Mai binciken da ya ajiye aiki ana tsakiyar shekara, kamfani ya yi shiru, ya isa ya kori masu saye na wata da watanni.

Binciken da Kee Chung da John Elder da Jang-Chul Kim suka wallafa a 2010 a kan kamfanonin Amurka ya gano abin da lissafin dillali ya nuna: inda tsarin tafiyarwa ya fi kyau, tazara ta fi ƙanƙanta, manyan cinikayya kuma ba sa girgiza farashi sosai. Masu ƙananan kamfanoni sukan ce duk wannan tsada ne, kuma gaskiyarsu, albashin daraktoci uku na waje da kuɗin bincike mai inganci suna da nauyi a wuyan kamfanin da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Sai dai a sa shi a sikeli. Kamfanin da zai tara dala miliyan 30, idan sai ya yi rangwamen kashi 15 maimakon kashi 5 kafin a saya, bambancin abin da ya bayar ya haura dala miliyan 3 da rabi a zama ɗaya.

To, ina cibiyoyin? Ga yadda manajan asusu ke kallon lamarin. Kamfani yana da hannun jari miliyan 100 a dala 2, darajarsa dala miliyan 200. Wanda ya kafa shi da iyalinsa suna riƙe da kashi 55, wani asusu da ya zuba jari tun farko yana da 20, daraktoci 5. Abin da ke yawo a kasuwa miliyan 20 ne, ana cinikin kamar 40,000 a rana. Asusun fansho mai dala biliyan 5 ba zai ɓata lokacin ma'aikatansa a kan abin da bai kai kashi 0.2 na dukiyarsa ba, wato dala miliyan 10, hannun jari miliyan 5. Idan ba ya son ya ɗaga farashi da kansa, ba zai sayi fiye da kashi ɗaya cikin biyar na cinikin rana ba, 8,000 ke nan. Raba miliyan 5 da 8,000, ka sami ranakun kasuwa 625, shekara biyu da rabi kafin ya gama shiga, haka kuma kafin ya gama fita. Ga doka a kansa: a Amurka asusun da jama'a ke iya cire kuɗinsu kullum ba ya wuce kashi 15 a kadarorin da ba za su sayu cikin kwana bakwai ba tare da farashi ya girgiza sosai ba. Komai kyan jawabin da shugaban kamfani ya yi masa, wannan lissafin ne zai yanke hukunci.

A ce dai ya shiga, ya sami miliyan 5 ɗin a dunƙule. Abin da ke yawo ya ragu daga miliyan 20 zuwa 15. Sannan mai kashi 5 yana neman ganawa da shugaban kamfani a keɓe, kuma ana ba shi. Amurka ta kafa dokar hana fifita wasu da labari a 2000, Turai ma tana da makamanciyarta, amma ko ba a faɗi lamba ko ɗaya ba, wanda ya zauna awa guda da daraktan kuɗi ya fi wanda bai zauna ba sani, dillali kuma ya san haka. Ga kuma fargabar ranar da zai tashi sayarwa, wadda ke hana wasu taya farashi mai kyau. Frank Heflin da Kenneth Shaw sun gano a 2000 cewa tazara ta fi faɗi inda akwai masu riƙe da manyan kaso, Amir Rubin kuma a 2007 ya gano wannan rabuwa: yawan hannun jarin da ke wurin cibiyoyi yana tafiya tare da sauƙin ciniki, amma taruwarsa a hannun 'yan kaɗan yana rage shi. Cibiyoyi ashirin masu kashi ɗaya ɗaya suna saɓa wa juna a ra'ayi, wannan yana sayarwa wancan yana saye, kowanne da manazarcinsa, kuma saɓanin nan shi ne ciniki. Cibiya ɗaya mai kashi 20 ba ta da wanda za ta saɓa wa.

Abin da ya faru da asusun zuba jarin da Neil Woodford ke juyawa a Birtaniya ya nuna ƙarshen wannan hanya. Asusun ya haura fam biliyan 10 a 2017, ya tara manyan kaso a ƙananan kamfanoni, wasunsu ma ba sa kasuwa. Da masu kuɗi suka fara janyewa, sai ya riƙa sayar da hannun jarin manyan kamfanonin da ke da sauƙin sayarwa, abin da ya rage ya ƙara zama mai wuyar fita. A watan Yunin 2019, bayan asusun fansho na gundumar Kent ya nemi cire fam miliyan 250 da ɗoriya, aka dakatar da cire kuɗi, a watan Oktoba aka yanke shawarar rufe asusun. Kamfanonin da a da suke alfahari da sunansa a jerin masu hannun jarinsu suka wayi gari kowa ya san za a zubar da kasonsa a kasuwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, daga nan manajojin asusu suka ƙara tsananta lissafin ranakun fita.

Akwai hujjar da ba zan raina ba. Amar Bhide ya kawo ta a 1993: inda fita ke da sauƙi, ba wanda ke tsayawa ya gyara kamfani, kowa sayarwa yake yi ya wuce, babban mai hannun jarin da ya maƙale kuwa dole ya sa ido. Haka ne, kuma a kamfanin da mutum ɗaya ke da rinjaye, mai kashi 20 yana iya zama shi kaɗai ake jin kunyarsa. Amma ƙarfinsa daga ina? A ƙuri'a ta yau da kullum mai kashi 55 ya kayar da shi tun kafin a zauna. Barazanar ficewa, wadda Alex Edmans ya nuna a 2009 cewa ita ma hanyar ladabtar da shugabanni ce, ba ta da haƙori idan kowa ya san ficewar sai ta ci shekaru. Abin da ya rage masa shi ne ya sasanta da mai kamfanin a bayan fage, a ba shi kujera a hukumar daraktoci, ko rahoton wata wata, ko a sayi kasonsa da farashi na musamman. Ya kare kansa, ƙananan masu hannun jari kuma sun sami ƙarin mutum ɗaya da ya fi su sani.

Hukumomi ma sun sha neman gajeriyar hanya. Daga Oktoban 2016 zuwa 2018 hukumar kasuwar hannun jari ta Amurka ta gwada faɗaɗa mafi ƙanƙantar matakin da farashi ke motsawa daga senti 1 zuwa senti 5 a kan kamfanoni kusan 1,200 da darajarsu ba ta wuce dala biliyan 3 ba, da fatan dillalai za su sami ƙarin riba su kula da su. Kuɗin ciniki ya ƙaru a kan masu zuba jari, aka bar gwajin ya mutu. A Disambar 2021 Birtaniya ta sauke mafi ƙarancin kason da dole ya kasance a hannun jama'a a babbar kasuwar Landan daga kashi 25 zuwa 10 don jawo kamfanoni. Ga katafaren kamfani kashi 10 dukiya ce mai yawa, ga ƙarami kuwa an ba shi lasisin yin kwantai tun ranar farko. Tokyo ta fi burge ni. Da ta sake fasalin kasuwarta zuwa rukuni uku a Afrilun 2022, ta nemi kashi 35 a hannun jama'a a babban rukuni, 25 a sauran biyun, ta sa mafi ƙarancin adadin masu hannun jari, 800 da 400 da 150, sannan a lissafin abin da ke yawo ta cire wanda ke hannun masu kashi 10 ko fiye, da wanda bankuna da abokan hulɗa ke riƙewa don zumunci. Sun ƙirga abin da zai iya zuwa kasuwa ne da gaske.

Mai kamfanin da ke son ciniki ya motsa sai ya saki. Idan kamfanin na buƙatar jari, a fitar da sabon hannun jari maimakon shi ya sayar da nasa, domin kasuwa tana fassara sayarwar mai gida a matsayin gudu. A yi shi bayan an fitar da sakamako, lokacin da kowa ke da labari ɗaya. A gaya wa dillalin da ke rabon cewa ba a ba kowa fiye da kashi 2 ko 3, ko da wani ya ce zai kwashe duka da farashi mafi kyau, a kuma ware wani ɓangare ga ɗaiɗaikun mutane, don su ne ke cinikin yau da gobe. Mai kamfanin ya yi alkawari a rubuce ba zai sake sayarwa ba na wata uku zuwa shida. Bayan haka ana iya ɗaukar dillali na musamman, kamar yadda ake yi a Faransa da Suwidin, wanda zai tsaya da tayi a ɓangarorin biyu, da iyakar tazara da mafi ƙarancin adadi da aka rubuta a yarjejeniya. Yana taimakawa, da sharaɗin kamfani ba ya gaya masa lokacin da zai saya, in ba haka ba abin ya koma tallafa wa farashi, wanda laifi ne. Kuma idan 'yan cikin gida suna cin sa da sirri, ko dai ya ninka kuɗin aikinsa ko ya ajiye.

Wanda kuma ba zai iya saki ba, ba laifi ba ne ya fitar da kamfaninsa daga kasuwa, da yawa ma suna yi, kamfanonin AIM sun kusa 1,700 a 2007, yau ba su kai rabin haka ba. Yadda ake fitar ne nake ƙorafi a kai. A AIM sanarwar ranakun aiki 20 da kashi 75 na ƙuri'un da aka kaɗa sun wadatar, ba a tilasta wa kowa ya sayi kason ƙananan masu hannun jari. A kamfanin da muka yi lissafi da shi, mai kashi 55 da daraktoci da asusun nan mai kashi 20 sun haɗa 80, sun gama magana ba tare da sun tambayi kowa ba, farashi kuma yakan rushe ranar sanarwa saboda kowa na neman sayarwa babu mai saye. Duk mai shirin sayen hannun jarin ƙaramin kamfani ya san ana iya yi masa haka, yana kuma cire kuɗin wannan kasada daga tayinsa, har a kamfanonin da ba su da niyyar fita. Ya kamata kasuwanni su sa sharaɗin cewa rinjayen da za a ƙirga na masu hannun jarin waje ne kaɗai, ko kuma mai son fita ya yi tayin saye a farashin da wani mai kimantawa mai zaman kansa ya tabbatar.